Ƙwayar Azahar

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar damina. Jiya da la'asar ina zaune a bakin ɗakina hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kaɗo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kafin a kira magariba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jikokina suna ta murna wai yau ba sai an nemo ƙanƙara ba. Ni kuwa na riƙe kofin kunu har ya huce a hannuna. Rabona da azumi a irin wannan lokaci shekara talatin da 'yan kai ke nan, tun shekarar da soja suka fara cewa za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Mutane da zaɓe suke tuna shekarar. Ni da ɗana nake tuna ta.

Ɗan farina ne, don haka sunansa ba zai fito a takardar nan ba, kamar yadda bai taɓa fitowa daga bakina ba. Tela unguwa take ce masa, ni ma haka nake cewa in ya zama dole. Shekara huɗu ke nan da Allah ya karɓi abinsa. A hannun kakarsa ya tashi, a cikin gidan nan namu na Fagge, ni ina wannan ɓangare shi yana wancan. In ya gaishe ni sai in amsa ina kallon wani wuri. Haka muka taras ana yi, ban kuma taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai a waccan damina.

Lokacin yana da shekara ashirin da biyu. Mahaifinsa ya rasu, kakar ma ta bi shi, gidan yana hannun wan mahaifinsa, Alhaji Sule, wanda yara suke kira Baffa. Tela yana da ɗan shago a wani lungu bayan Kantin Kwari, da keken ɗinki irin na ƙafa. Mutane suna yabon hannunsa, ni dai in na ji sai in yi kamar ban ji ba.

Da ruwan farko ya sauka abin ya fara. Ya daina barci. Ya daina cin tuwo sai an matsa masa. A lokacin motocin 'yan siyasa suna yawo da lasifika a ka tun safe, kowace jam'iyya da waƙarta. Sai ya ce da shi suke, sunansa suke kira, sun san abin da yake ransa tun kafin ya faɗa. Ya toshe tagar ɗakinsa da tsumma. Ran nan aka zo aka ce ya ɗauki shaddar wani ya yayyanka ta sala-sala, ya jera a ƙasa yana kuka. Maƙwabtansa na shago suka rufe wurin suka rako shi gida.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ciwon gaba yake yi. Sai Baffa ya ce akwai wani malami a ƙauye, tafiyar rabin yini a mota, da yake riƙe irin waɗannan. A kai shi can, a sa masa mari a ƙafa har ya dawo hayyacinsa. Na san labarin wurin. Akwai wani a unguwarmu da ya yi shekara biyu a can, ya dawo shiru-shiru, amma idon sawunsa duka biyu sun zama gyambo inda ƙarfe ya ci, yana jan ƙafa har ya mutu. Tela kuwa da ƙafa yake taka keke, da ita yake ci. Ban ce komai ba. Ba a saba in ce ba, kuma a kan ɗan fari bakina ya fi nauyi. Na shiga ɗaki na zauna.

Wadda ta yi magana a madadina ba 'yar gidan ba ce. Sista Filomina ma'aikaciyar jinya ce a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa, 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Sabon Gari. Sun gudu da iyayenta lokacin yaƙi, ta kuma dawo. Tela ne yake ɗinka mata fararen kayan aiki. Ta je shago sau biyu ta tarar a rufe, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata gida. Ta yi sallama da Hausa garau, ta ce, "Ina Maman Tela?"

Matan gidan suka kwashe da dariya, don ba wanda ya taɓa haɗa ni da shi a suna ɗaya. Na ja mayafi na rufe fuska.

Ta leƙa ɗakinsa, ba ta daɗe ba ta fito ta nemi ganin Baffa a zaure. Ina bayan ƙofa ina ji.

"Alhaji, ciwo ne kamar kowane ciwo. Muna da irinsa da yawa, wasu sun koma bakin aikinsu."

"Wasu," in ji Baffa. "Sauran fa?"

"Sauran suna nan muna fama. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ina jin wannan amsar ce ta sa ya saurare ta, don Baffa ba ya son mai zaƙin baki. Ya ce, "Na ba ku zuwa Sallah. Kwana uku bayan Sallah, in bai zama mutum ba, mota za ta zo. Kada wata ta yi mini kuka a ranar."

Da ni yake. Ya san ina bayan ƙofa.

Tela ya yi sati biyu a asibiti, aka yi masa allurai, aka sallamo shi saura kwana biyu a ga wata. Ya dawo jiki a mace, ido a lumshe, leɓe a bushe, amma ihun ya tsaya. Sista ta ba ni ƙwayoyi a ƙullin takarda da rubutu a jiki. A lokacin ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Sai bayan shekaru na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma waccan takardar tana cikin abin da ya kai ni. Da ta ga ina juya takardar, sai ta ɗauki gawayi ta zana mini a bangon madafi: rana tana fitowa, rana a tsaka, rana tana faɗuwa.

"Sau uku, Mama, kuma da abinci a cikinsa. In ba abinci jiri zai kayar da shi."

Ita ba ta tuna azumi ya ƙarato ba, ni kuma na ji nauyin in tuna mata. Na kai maganar gaban Baffa. Ya ce, "Wane azumi? An ɗauke masa alƙalami. Ba azumi a kansa, ba ramuwa. Ku ba shi ya ci." Baffa ɗan kasuwa ne, ba malami ba, amma a gidan nan abin da ya faɗa shi ke nan.

Waccan damina ba ta wasa ba ce. Ruwa yakan yi kwana uku yana zuba, ya ɗan tsagaita, ya dawo. Kwatocin Fagge suka cika suka tumbatsa, lungunmu ya koma rafi, sai an jera duwatsu ake tsallakawa. Katangar maƙwabtanmu ta zube da rana tsaka, Allah ya sa ba kowa a gindinta. Azarar ɗakina tana ɗiga a wuri uku, na jera kwanuka, kowanne da irin ƙararsa. Tsohon hatsi ya yi wuya a kasuwa, sabo yana gona bai nuna ba, wanda ake samu kuma duk warin rumbu yake. Da gwangwani muke auna gero, ba da kwano ba. Abin haɗi kuwa sai abin da damina ta bayar, rama da tafasa da zogale, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Itace ya jiƙe har cikinsa, in kana hurawa idanunka su yi ja kafin wuta ta kama.

Yininmu a jere yake. Bayan asuba a ɗan kishingiɗa. Hantsi ya yi, mu huɗu matan gidan mu fito da turmi ƙarƙashin rumfa, biyu suna surfe biyu suna bakace, a wanke geron da ruwan indararo da muka tara a randa. A jiƙa wake, a jiƙa tsamiya. Bayan azahar a kai markaɗe. La'asar ta yi a kunna rediyo a ji tafsiri in batir bai mutu ba, a ɗora kaskon ƙosai. Yunwar damina daban take da ta bazara. Ƙishi ba ya damunka sosai, amma sanyin nan yana shiga ciki ya ƙwaƙule shi, ka ji hanjinka yana kaɗawa tun kafin azahar. Yanzu akwai gas, akwai injin markaɗe a cikin gida, jikokina suna gama komai a ɗan lokaci, kowacce da waya a kunne. Sun huta, ina taya su murna. Tsakar gidan ce dai ta yi shiru.

Ni kaɗai nake da ƙarin aiki. Rana ta take tsaka in hura wuta in ɗumama tuwo saboda ƙwayar azahar. Yara ƙanana sauran sahur ake ba su da sanyinsa, ba a hura wuta dominsu. Don haka a duk lungun madafinmu kaɗai yake hayaƙi a wannan lokacin, hayaƙin jiƙaƙƙen itace kuwa ba ya ɓuya. In ajiye kwanon a bakin ƙofarsa, ƙwayar a kan faifai, in ƙwanƙwasa in juya. Kwana shida yana ci yana komawa barci, bai san ranar da ake ciki ba.

Ran bakwai ga wata na ajiye zan juya, sai na ji ya ce, "Inna."

Na tsaya, ban waiwaya ba.

"Ina jin surfe kullum, ban ji ƙarar kwanon kowa ba. An ga wata ne?"

"An gani."

"Yau nawa?"

"Bakwai."

Sai ya ce, "Ba a tashe ni sahur ba."

Da ina da sanin da nake da shi yanzu, da na gane wannan tambaya ita ce alamar sauƙi ta farko. Mutumin da ya yi wata biyu bai san dare da rana ba, yau yana tambayar kwanan wata. Ni kuwa so nake in sauƙaƙa masa. Na ɗauko maganar Baffa yadda take na miƙa masa da murya mai laushi, ina ganin alheri nake yi.

"Ai kai an ɗauke maka. Ba azumi a kanka, ba ramuwa. Ci abinka."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya sa ƙafa ya turo shi waje a hankali, ko miyar ba ta zube ba, ya ja ƙofa.

Daga washegari ya ɗauki azumi da kansa, ran bakwai ɗin ma ashe ko abincin safe bai taɓa ba, bai ci komai ba tun asuba har magariba. Ya kuma daina shan ƙwaya gaba ɗaya, har ta safe da ta yamma. Da magariba yakan karɓi kunu, ƙwayar kuwa in tarar da ita a faifai yadda na ajiye. A kwana na uku barci ya gudu. A na huɗu motar lasifika ta tsaya a bakin titi, sai ga shi ya fito tsakar gida cikin ruwa, ba riga, yana ba su amsa, yana cewa ƙarya suke yi masa. Baffa ya shigo da lema ya tsaya ya kalle shi, ya kalle ni.

"Ba zan saɓa alkawari ba, sai bayan Sallah," ya ce. "Amma na aika wa maƙeri."

Da gari ya waye na yi abin da ban taɓa yi ba. Na yafa mayafi na kama hanyar Sabon Gari ni kaɗai, da ƙafa, cikin yayyafi. Can ba azumi ake ba. Ƙamshin gasasshiyar masara da soyayyen kifi ya yi ta bina layi-layi, ina haɗiye yawu ina tambayar gidan Sista mai aikin asibiti. Na same ta ta dawo daga aiki tana cin shinkafa. Tana ganina ta ɗauki murfi ta rufe kwanon. Na gaya mata komai, har da abin da na faɗa masa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, muka ratso taɓo muka dawo Fagge.

Ba ta shiga ɗakinsa ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Tela, ni ce. Ba allura na kawo ba, zama na zo yi."

Ba amsa. Ta zauna har tsawon lokacin da wake zai dahu, ruwa yana ɗiga mata a kafaɗa daga bakin rumfa. Na matso na raɗa mata, "Ba za ki yi masa magana ba?"

"Shirun ma aiki ne, Mama."

Can sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Sista, ke ba Musulma ba ce, amma a garin nan aka haife ki. Su wa ne ba sa azumi?"

"Faɗa mini."

"Yaro. Mara lafiya. Matafiyi. Mara lafiya da matafiyi in sun samu dama ramawa suke yi. Ni an ce ba sai na rama ba. Ni ba yaro ba ne. To, mene ne ni?"

Na zaci za ta rarrashe shi ta ce lafiyarsa ƙalau. Ba ta ce ba. Ta ce, "Kana ganin ƙwayar rana ce take gaya wa mutane abin da ake ɗaukarka."

"Hayaƙin ma yana gaya musu."

Na dafa bango. Kwana bakwai ina hura wutar nan da azumi a bakina, ashe shela nake yi masa a unguwa.

"Laifina ne," in ji Sista. "Ni na zana rana a tsaka, ban duba wata ba. Zan koma wurin likita in tambaya ko za a iya raba maganin gida biyu, shan ruwa da sahur. Ban yi alkawari ba sai na ji daga bakinsa. In ya yarda, kai ma da naka. Za ka sha kullum, kuma ranar da jiri ya kama ka za ka karya, ba gardama."

"In na karya zan rama?"

"Wannan ba fannina ba ne, Malam Tela. Ni ƙwaya na sani da zama."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Rabona da jin dariyarsa tun kafin shuka.

Likita ya yarda. Washegari Sista ta dawo da sabon ƙulli, ta goge ranar tsakiya daga bangon madafi da tafin hannunta. Sannan ta juyo ta ce, "Saura naki aikin, Maman Tela. Kullum daga la'asar zuwa magariba za ki zauna inda na zauna."

"Sista, ɗan fari ne."

"Na sani, ni ma 'yar garin nan ce. Amma kakarsa ta rasu, ni kuma sau ɗaya nake samun zuwa a mako. Wa ya rage?"

"Me zan ce masa?"

"Ba sai kin ce ba. In ya ce ana kiran sunansa, kada ki ce ƙarya ne, kada kuma ki ce kin ji. Ki faɗi abin da kunnenki ya ji, ki bar masa nasa. In ya yi shiru kada ki cika wurin da magana."

Ta ce a makarantarsu an koya musu hanyoyi iri-iri. Wasu malaman sun ce tushen ciwon a ƙuruciya yake, a bi a hankali a tono. Wasu sun ce a bar jiya, a gyara abin da mutum yake yi da hannunsa yau, tunani zai biyo baya. Wasu kuma sun ce a ƙwaƙwalwa yake, magani ne gaba. "Suna ta musunsu a littafi," ta ce, "amma duk wadda aka bi, sai da wani zaune kusa da shi." Tana da wani ɗan littafi a jaka, duk ranar da ta zo sai ta tsaya a zaure ta rubuta abin da ya ce da abin da ta ce. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce don ta ga inda ta yi sauri. Jikata ɗaya tana karatun jinya yanzu, tana da littattafai masu kauri a kan wannan, takan karanto mini sunayen masu hanyoyin. Ban riƙe ko ɗaya ba.

Ranar farko na zauna na ba ƙofar baya, faifan wake a cinyata, ina tsinta. Matan gidan suna ta ƙyafta ido. Matar Baffa ta ce, "Yau kuma uwar Tela zance ta fito?" Na sunkuyar da kai. Shi ma bai ce komai ba. Rana ta biyu haka. A ta uku mota ta wuce da waƙa, ya ce, "Inna, kina jin su?"

"Motar na ji, waƙar jam'iyya take yi. Sunanka ban ji ba."

"Ni na ji."

"To. Na ga yana damunka."

Ya numfasa. "Yana damuna."

Daga nan magana ta fara zuwa kaɗan-kaɗan, kamar ɗigon azara. Ni ma kujerar ta riƙa juyawa da kanta, har wata rana na ga fuskarsa nake kallo. A nan na lura yana da tabo a haɓa, ban san ranar da ya ji ciwon ba. Ya ba ni labarin shago, da yadda ake gane shadda mai kyau da ƙararta, da 'yan Kwari masu kawo ɗinki ran jajibiri su ce gobe suke so. Wata la'asar ruwa yana dukan rumfa ya ce, "Ina yaro, in kina daka, nakan ɓuya bayan randa in kalle ki. Kin sani?"

"Na sani."

"Ba ki taɓa waiwayowa ba."

"Shi ya sa nake daɗewa a kan turmin."

Na ci gaba da tsintar wake har aka kira salla.

Sista ta sa aka ɗauko kekensa daga shago a kura, an lulluɓe shi da tabarma. Ta ce kada a ba shi ɗinkin mutane, a fara da facin gida. Hannunsa yana rawa saboda maganin, ba ya iya zura zare, ni nake zura masa. Layin farko ya tafi a karkace, ya farke ya sake. Amma ƙafafun nan biyu ba su manta ba. Suna hawa kan abin takawa suka kama, gaba da baya, ƙarar keke ta haɗu da ta ruwa. Ina tsintar wake ina satar kallon idon sawunsa.

Ba kullum ake dacewa ba. Ran sha takwas ya miƙe daga keke jiri ya kwashe shi ya zube, ya cika alkawari ya karya azumin, yana shan ruwan yana hawaye. Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe kuwa gari ya ɗauki ihu da hon, masu murna da masu fushi duk a titi ɗaya. Ya cusa auduga a kunne ya shige ƙarƙashin gado. Baffa ya leƙo ya gan shi a haka, ya juya. Abin da bai gani ba shi ne da magariba Tela ya fito da kansa, ya karkaɗe rigarsa, ya miƙo hannu ya ce in ba shi ƙwayarsa.

Sallah ta zo bai je Idi ba, Sista ta ce taron ya yi masa yawa tukuna. Ta zo mana yawon Sallah, ta ci tuwo, ta sake neman Baffa a zaure. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Na gode, Sista. Amma na gani da idona a ƙarƙashin gado, kuma ban gan shi a sahun Idi ba." Ranar da wa'adin zai cika kuwa tana bakin aiki, ba za ta samu zuwa ba.

Kwana uku bayan Sallah da hantsi, a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu, don taɓo bai bar ta ta shigo ba. Direba ya shigo zaure da wani ƙullin buhu ya ajiye, na ji ƙarar ƙarfe. Ana yayyafi. Ban haɗa masa kaya ba, hannuna ya ƙi. Na tsaya a bayan ƙofa, ban yi kuka ba, tunda an ce kada a yi.

Baffa ya aika a kira Tela. Ya fito da rigar da ya ɗinka wa kansa, wuyanta a ɗan karkace. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya gaida direba. Ya ga buhun, na san ya gani.

"Baffa, ina da tambaya kafin a tafi."

"Ina jinka."

"Na sha azumi shida a farkon wata. Ran bakwai ban ci komai ba, amma ban kwana da niyya ba, ita ma na sa ta a lissafi. Ran sha takwas jiri ya kayar da ni na karya. Takwas ke nan. In rama?"

Baffa ya daɗe yana jan carbi.

"Wa ya ƙirga maka?"

"Ni na ƙirga."

"Har da ta niyyar?"

"Har da ita."

Baffa ya dubi direba, ya dubi buhun, ya dubi ƙasa.

"Ka rama," ya ce. Ya gyara murya. "A jere za ka yi ko a rarrabe?"

"A jere, in Allah ya yarda."

"To, tashi ka shiga ciki, sanyi ake yi." Ya juya wurin direba. "Malam, ɗauki kayan nan ka mayar wa mai su. A yi haƙuri da wahalar da aka sha."

Ya rama takwas ɗinsa. Ni ba a bina ko ɗaya, amma na ɗauki shida na Shawwal, na ƙara biyu a kai don kada ya sha ruwa shi kaɗai. Kullum la'asar ina bakin ƙofar, yana ɗinki ina zura zare. Masara ta fara shigowa, ruwa ya fara ja baya, nakan gasa mana guda biyu mu ajiye har a kira salla. Ciwon ya sake leƙo shi sau biyu ko uku a rayuwarsa, amma ya riga ya san hanyar asibiti, da ƙafarsa yake zuwa.

A rana ta tara aka ɗora keken a kura, ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon wani wuri, ya koma shago. Da la'asar ta yi na ɗauki faifan wake na nufi ƙofarsa. Sai da na jawo kujerar na ga an kulle ƙofar da kwaɗo.